Yadda Ake Zaɓar Kayan Koyar da Tarihin Ƙasa Idan Yaran Gida Ba Sa'o'in Juna Ba Ne

Shekarar da na fara koyar da yarana a gida, na yi abin da kusan kowa ke yi: na nemo littafin tarihi uku, kowane yaro da nasa. Babbar tana da shekara 14, mai bi mata 10, autan kuwa 6. A ganina adalci ke nan. Ba a yi wata biyu ba na gane na jawo wa kaina aiki. A ɗaki ɗaya, a safiya ɗaya, babbar tana fama da rikicin siyasar bayan samun 'yanci, na tsakiya yana can ƙarni biyar baya wajen tsofaffin dauloli, autan yana shafa wa tuta kala yana tambayata wanne launi ne a tsakiya. Kowa "Umma, zo ki gani," ni kuwa bakina ɗaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Abin da ya fisshe ni shi ne wannan: rijiya ɗaya za a haƙa wa gidan, igiyar guga ce kawai za ta bambanta. Duk yaran su kasance a zamani ɗaya, a kan labari ɗaya, a mako ɗaya. Zurfin da kowa zai kai ne nasa daban. Duk wani abu da za ka saya ko ka aro, da wannan ma'auni za ka auna shi, ko wace ƙasa ce taka.

Mataki na farko: takarda da alƙalami kafin kuɗi

Kada ka taɓa littafi tukuna. Ɗauki takarda ɗaya ka yanka tarihin ƙasarku gida huɗu ko biyar. Misali: zamanin da ba a bar rubutu ba, sai abin da masu tono suka haƙo, zamanin tsofaffin masarautu da dauloli, zamanin mamaya ko mulkin mallaka, in an yi shi, gwagwarmayar neman 'yanci, sai kuma daga 'yanci zuwa yau. Kada ka ce za ka gama duka a shekara guda. Ka shimfiɗa su a shekara uku ko huɗu, in an kai ƙarshe a koma farko. Ɗan shekara 6 da ya ji labarin wata daula a matsayin labari zai sake haɗuwa da ita yana da 10, ya kuma dawo mata yana da 14 ya tuhume ta. Saboda haka ba sai ka matse masa komai yanzu ba.

Wannan takarda tana kuma kare ka daga wani tarko. Sunan ƙasa kusan kullum ƙarami ne a kan tarihinta. A 1914 aka haɗa arewa da kudu aka yi Nijeriya ɗaya, Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, Pakistan ta samu a 1947. Amma kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a jihar Yobe ta yanzu, ya kai shekara 8,000. Zanen dabbobin kogon Lascaux da wasu samari suka gano a Faransa a 1940 ya ma ninka shi tsufa. Littafin da ya fara daga ranar raɗin suna ya yanke wa yaranka mafi yawan labarin. In ka riga ka rubuta zamunan a gabanka, da kallo ɗaya za ka gane littafin da ya tsallake rabin takardarka.

Mataki na biyu: ginshiƙi

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata lokacinka da kuɗinka su fi tafiya. Kana neman littafi ɗaya wanda zai ɗauki tarihin daga farko zuwa ƙarshe a jere, wanda za ka riƙa karanta wa kowa a bayyane. Ni ginshiƙi nake ce masa, don a kansa sauran kayan ke jingina.

Zaɓe shi daidai da kan yaron tsakiya, ko ya ɗan ɗara kaɗan. In ka zaɓa don babba, ƙaramin zai zame ya tafi wasa kafin ka gama shafi. In ka zaɓa don ƙarami, babbar za ta riƙa yi maka kallon raini, kuma da gaskiyarta. Yaro yana fahimtar abin da ya ji da kunne fiye da abin da zai iya karantawa da kansa, shi ya sa auta ke tsintar abu mai yawa daga littafin da ya fi ƙarfinsa.

In littafi ya zo hannunka, minti 15 ta isa ka yanke masa hukunci. Ga yadda nake yi.

Na fara buɗe wurin da na fi sani. Kowa yana da abu ɗaya a tarihin ƙasarsa da ya sani ciki da bai, ko don ya karanta, ko don a gabansa aka yi. Can za ka nufa. In marubucin ya yi kuskuren shekara, ko ya rikita sunaye, ko ya shafe wani ɓangare na labarin a inda ka sani, to me zai sa ka amince masa a inda ba ka sani ba? Akwai wani gwaji da nake so ga littattafan da suka taɓo Afirka: taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen waje suka zauna a Jamus kan rabon Afirka. Littafin gaggawa zai ce a teburin nan aka zana dukkan iyakokin nahiyar. Mai kula zai gaya maka ƙasashe 14 ne suka zauna, babu wakilin Afirka ko ɗaya, kuma ƙa'idojin rabon suka shimfiɗa, yawancin iyakokin kuwa daga baya aka ja su ta yarjejeniyoyi tsakanin ƙasa da ƙasa. Iyakar Nijeriya da Nijar kaɗai sai da Ingila da Faransa suka yi ta komawa kanta a 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Bambancin kamar ƙarami ne, amma yana nuna maka wanda ya yi bincike da wanda ya kwafa.

Daga nan sai na saurari kalmominsa, don a nan marubuci ke tona asirin kansa ba tare da ya sani ba. Kalmar da na fi farauta ita ce "gano". In littafi ya ce Mungo Park ne ya gano kogin Neja a 1796, ka tambayi kanka: mutanen Segu da ya tarar suna ta tsallaka kogin a kwalekwale fa, makafi ne? Haka in ya ce Kolombus ya gano Amurka a 1492 bai ambaci mutanen Taino da suka tarbe shi ba. Sai kalmar "tarzoma" da "tawaye". Abin da ya faru a Indiya a 1857, Turawan Ingila boren sojoji suka kira shi, Indiyawa da yawa kuwa suna ce masa yaƙin neman 'yanci na farko. Tashin matan kudu maso gabashin Nijeriya a 1929, kan tsoron haraji da zaluncin sarakunan da Bature ya naɗa, rahoton gwamnati tarzomar Aba ya ce, su kuwa matan yaƙin mata suka ce, kuma sama da 50 daga cikinsu aka kashe. Ba ina nufin ka jefar da duk littafin da ya yi amfani da tsohon suna ba. Ina nufin ka duba ko ya san akwai wani sunan. Wanda ya kawo duka biyun ya faɗi wa ke kiran wanne, wannan ka riƙe shi da kyau.

Ka kuma yi hattara da ɗaya gefen. Akwai littafin da duk shugabannin ƙasa a cikinsa waliyyai ne, duk yaƙin da aka yi mu ne da gaskiya, duk ɓarna baƙo ne ya kawo. Yana da daɗin karantawa, amma ranar da 'yarka ta tsinci ɗaya labarin a waje, ba littafin kaɗai za ta daina yarda da shi ba, har da kai.

Sannan na ƙirga shafuka. Ƙasa ba gari ɗaya ba ce. Duba jerin babi: yankin da fadar mulki take ya cinye kashi uku cikin huɗu, sauran an bi su da layi bibbiyu? Juya bayan littafin inda aka jera sunaye: mata nawa ka gani? Akwai manoma, fatake, maƙera, malamai, bayi, ko sarakuna da janar-janar ne kawai?

Na ƙarshe, taswira da shekarar bugu. Taswirar Afirka da babu Sudan ta Kudu an zana ta kafin 2011. In ka ga Zayar, kafin 1997 ne. In ka ga Swaziland maimakon Eswatini, kafin 2018. Tsohon littafi ba laifi ba ne, wani ma ya fi sababbi iya ba da labari, amma ka san inda ya tsaya don ka nemo abin da zai cike.

In ya tsallake waɗannan, karanta shafi ɗaya da ƙarfi kai kaɗai. In harshenka ya riƙa sarƙewa, ko ka ji hamma na zuwa maka, ajiye shi. Abin da ya gundure ka ba zai tada yaro daga kwance ba.

Mataki na uku: abin da za a ƙara wa ƙarami

Ɗan shekara 5 zuwa 8 ba ya riƙe shekaru, mutane yake riƙewa. Nemo masa littattafai masu hoto da ke ba da labarin mutum ɗaya ko abu ɗaya: sarauniya, mai gini, yaron da ya yi doguwar tafiya. Biyu ko uku sun isa kowane zamani, kuma aro daga laburare ya fi saye, tunda sau biyu zai karanta ya wuce.

Abu ɗaya nake so ka kula da shi: littattafan yara sun fi kowanne cakuɗa almara da tarihi. Rumawa suna da tagwayen da aka ce kyarkeci ta shayar. Hausawa suna da Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Amurkawa suna da labarin George Washington yana yaro ya sare bishiya ya ƙi yin ƙarya, wanda wani marubuci, Mason Weems, ya saka a bugun littafinsa na 1806, shekara bakwai bayan mutuwar mai labarin. Kada ka hana yaro waɗannan, gadonsa ne, kuma suna nuna yadda al'umma ke kallon kanta. Ka dai koya masa kalmomi biyu tun yanzu: "an ce" da "an tabbatar". Autana ya kama su har ya dame mu da su. Wata rana yayarsa ta ce shi ya ɓatar mata da biro, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wannan an ce ne ko an tabbatar?"

Mataki na huɗu: abin da za a ƙara wa babba

Wanda ya haura 12 ginshiƙi kaɗai ba zai ishe shi ba. Abu biyu yake buƙata.

Na ɗaya, littafi na biyu wanda bai yarda da na farko a kan komai ba. In ginshiƙinku ɗan ƙasa ne ya rubuta, nemo wanda baƙo ya rubuta, ko ɗan wani yanki daban. Aikin babbar shi ne ta karanta babi ɗaya a nan, ta karanta takwaransa a can, ta rubuta inda suka haɗu da inda suka rabu. Ga waɗanda ƙasarsu ke Afirka, akwai babban aikin tarihin nahiyar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a 1964, juzu'i 8 na farko, wanda yawancin masanan da suka jagorance shi 'yan Afirka ne. Yana nan kyauta a shafin hukumar, an kuma fassara daga cikinsa zuwa Hausa da Swahili da Fulatanci. Yana da nauyi, ba a karanta shi daga bango zuwa bango. Babi ɗaya za ka ciro mata, wanda ya dace da makon.

Na biyu, takardun asali, wato abin da mutanen lokacin suka rubuta da hannunsu: jawabin ranar 'yanci, gabatarwar tsarin mulki, wasiƙar sarki zuwa ga sarki, shafin farko na tsohuwar jarida, waƙar da aka yi a kan wani yaƙi. Kusan kowace ƙasa tana da ma'adanar takardun tarihi. Wasu manyan ɗakunan karatu kuma sun zuba dukiyarsu a intanet kyauta: Gallica ta babban laburaren Faransa, da laburaren majalisar dokokin Amurka, duk suna da tsofaffin taswirori da hotunan ƙasashe da dama, ba nasu kaɗai ba. Shafi ɗaya a mako ya wadatar. Tambayoyi uku za ta yi wa kowace takarda: wa ya rubuta, wa yake so ya karanta, me yake tsoron a sani? Rahoton jami'in mulkin mallaka yana da amfani ƙwarai, in dai an tuna cewa maigidansa yake rubuta wa, kuma ƙarin girma yake nema.

Wani sirri: ka sa babba ta riƙa taƙaita wa ƙarami abin da ta karanta, cikin minti biyar. Wanda ya iya fahimtar da ɗan shekara 6 dalilin juyin mulki ya fahimce shi da gaske.

Mataki na biyar: bango

Abu biyu za su hau bango, kuma na kowa ne. Taswirar ƙasa babba, ɗaya mai nuna koguna da duwatsu da daji, ɗaya mai nuna iyakoki. In ɗaya kaɗai za ka samu, ɗauki ta kogunan, don su ke bayyana dalilin da ya sa gari ya zauna inda ya zauna.

Na biyu, igiyar shekaru. Wannan ba a saye, yi ake. Haɗa takardu su kai tsawon mita 5, kowane santimita ya zama shekara ɗaya, ka samu shekara 500 ke nan. Ƙarami ya zana hoto ya manna, na tsakiya ya rubuta suna da shekara, babba ta ƙara layi ɗaya na dalili. Ƙasar da ta samu 'yanci a 1960, duk zamaninta na mulkin kai bai fi santimita 60 da 'yan kai ba a ƙarshen takardar. Ranar da muka manna ranar haihuwar kakarsu, na tsakiya ya tsaya ya auna da yatsa, ya sake aunawa, ya ce, "Umma, ashe Kaka ta girmi tutarmu!" Ban taɓa samun littafin da ya koyar da wannan da sauri haka ba.

Mataki na shida: bidiyo da intanet

Doka ɗaya ce: kada yaro ya kalli abin da ba ka riga ka kalla ba har ƙarshe. Tsofaffin fina-finan labarai suna da daraja, gani ya kori ji. Kamfanin British Pathé ya ɗora kusan 85,000 a YouTube a 2014, har da bukukuwan 'yancin ƙasashe da yawa. Sai dai muryar mai sharhin ta zamaninta ce, wani lokaci cike da raini. Ga ƙanana ka kashe sautin ka yi bayani da bakinka. Ga babba ka kunna, sautin shi ne darasin.

Hotunan da ake yaɗawa ana cewa ga sarki wane a shekara kaza, ka bi su a hankali. Kyamara ba ta bayyana ba sai wajen 1830 da wani abu, don haka duk "hoton" mutumin da ya rasu kafin nan zane ne, ko kuma kwamfuta ce ta ƙera shi. Wikipedia kuwa ƙofa ce, a shiga a duba inda ta samo maganar, a bi can.

Mataki na bakwai: masu rai da wuraren gani

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In akwai dattijo a dangi da ya ga wani zamani da idonsa, ya fi babi guda. Kada a je masa da "ba mu tarihi", zai ce bai san komai ba. A tambaye shi ƙananan abubuwa: ina kake ranar da labarin ya zo, wa ya faɗa maka, me aka yi a makaranta washegari? Ƙarami ya yi tambaya, na tsakiya ya riƙe waya yana ɗauka, babba ta gwada abin da aka ji da abin da littafi ya ce. In sun saɓa, kada a ƙaryata dattijo, kada kuma a ƙaryata littafi. A rubuta duka biyun.

Gidan adana kayan tarihi, a je bayan an karanta zamanin, ba kafin ba, kuma ɗaki ɗaya ya isa a ziyara ɗaya.

Mataki na takwas: babi masu ɗaci

Kowace ƙasa tana da su: bauta, yaƙin basasa, kisan kiyashi, juyin mulki. Kafin ka amince da ginshiƙi, karanta waɗannan babi kai kaɗai da dare. In ya tsallake su gaba ɗaya, aibi ne. In ya zuba hotunan gawarwaki, ka san shafin da za ka rufe. Ga ƙarami jimla biyu ta gaskiya ta isa: mutane sun yi faɗa, da yawa sun mutu, har da yara, kuma an daɗe ana baƙin ciki. Na tsakiya a gaya masa dalilai. Babba a ba ta shaidar ɓangarorin biyu, bayan ƙanana sun kwanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi wa yaro ƙarya don a lallashe shi.

Mataki na tara: doka da jarrabawa

Dokar karatun gida ta bambanta. Jamus ta wajabta zuwa makaranta, Faransa tun 2022 sai da izini, Ingila da Amurka sun yarda, kodayake a Amurka kowace jiha da sharuɗɗanta. Binciki ta ƙasarku. In babba za ta zauna jarrabawar hukuma, nemo manhajar tarihin jarrabawar ka ɗora a kan takardarka ta farko, ka ga abin da ya rage. Littafin shirin jarrabawa nata ne ita kaɗai, kada ya zama ginshiƙin gida.

Mataki na goma: gwajin mako biyu

Kada ka tara kayan shekara guda a rana ɗaya. Samu ginshiƙi da taswira, ka aro sauran, ka gwada mako biyu. A gidanmu kwana uku muke yi a mako. Ranar farko ina karanta babi, minti 20, kowa na zaune, autan yana zane don hannunsa ya samu aiki. In na gama, shi zai fara faɗin abin da ya ji, don in yayyensa suka riga shi ba za su bar masa komai ba. Rana ta biyu kowa da gugansa: littafin hoto, taswira, takardar asali. Rana ta uku a taru a bango a manna abin da aka samu.

Bayan mako biyun ka duba abu uku. Ƙarami yana iya faɗin sunan mutum ɗaya da abin da ya yi? Na tsakiya yana iya nuna wurin a taswira ba tare da ka kama masa yatsa ba? Babba ta yi maka gardama ko da sau ɗaya? In biyu daga ciki sun samu, ci gaba da littafin, ka nemo kayan zamani na gaba. In babu ko ɗaya, canza ginshiƙin tun yanzu, ka bar taswira da igiyar shekaru inda suke a bango.